SQL ko Flux, wanne ya fi sauƙi ga bayanan da ke canzawa da lokaci?

ɗan_Aboabo: Salam 'yan uwa, ina furojet kan farashin tumatir a kasuwar Kejetia ta Kumasi, kullum canzawa yake, so nake in riƙa tambayar databes (rumbun ajiye bayanai a kwamfuta) nawa aka sayar ran kaza. Cikin yarukan tambayar databes ɗin nan biyu, SQL da Flux (na manhajar InfluxDB), wanne zan koya ba ciwon kai?

Anti_Asawase: Ƙanina kama SQL kawai, tun SQL:2011 (ƙa'idar SQL ta shekarar 2011) akwai umarnin FOR SYSTEM_TIME AS OF, manhajar databes ta MariaDB ma na da shi, ka sa ranar ya fito maka da teburin yadda yake lokacin.

malam_kwamfuta: Amma fa wannan umarnin, lokacin shigar da bayani yake nunawa, ba ranar da farashi ya hau a kasuwa ba, in an makara shigarwa lissafi ya rikice, ajiye ranakun biyu daban. Kuma ba 'yan ajinku tambaya ɗaya su rubuta da SQL da kuma Flux, ka ga inda suka fi tuntuɓe.