Cuɗanya tsakanin matakai biyu: sakamakona ya yi kyau har ina tsoro

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamaina. Ina da bayanan mutum 80, kowa ya cike takarda kullum har kwana 21: yawan damuwarsa a ranar da ingancin barcinsa. Ranaku su ne mataki na ɗaya, mutane mataki na biyu. Tambayata ita ce ko tallafin da mutum ke samu daga na kusa da shi, wanda na auna sau ɗaya a farko, yana rage tasirin damuwa a kan barci. A lme4, wato kunshin manhajar R na nazarin bayanai masu matakai, na rubuta barci ~ damuwa*tallafi + (1 | mutum), cuɗanyar damuwa da tallafi, wato yadda tallafi ke sauya tasirin damuwa, ta fito da ƙarfi sosai. Hankalina bai kwanta ba. Na yi daidai kuwa? Kuma yaya zan fassara lambar?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gara da kika tambaya. Tsarinki ya ɗauka cewa, ban da tallafi, damuwa tana taɓa barcin kowa daidai wa daida. Ba haka mutane suke ba. Ki mayar da shi (1 + damuwa | mutum), domin gangaren kowane mutum, wato yadda barcinsa ke sauyawa in damuwarsa ta ƙaru, ya samu damar bambanta. In ba ki yi ba, kuskuren ƙiyasi (standard error), wato ma'aunin rashin tabbas na lambar, zai fito ƙarami fiye da gaskiya, sai ki ga tasiri inda babu. Masu bincike Heisig da Schaeffer sun nuna wannan a 2019. Kada ki karaya in ƙarfin ya ragu bayan gyara. Abin da ya saura shi ne naki.

Amsa ta biyu: Na goyi bayan Malam, amma akwai abin da ya fi damuna. Damuwar da kika saka ɗanya ce, ta haɗa abu biyu: wane ne mai yawan damuwa a kullum, da kuma wace rana ce ta fi wa mutum nauyi. Ki cire wa kowa matsakaicinsa daga ƙimar kowace rana, sannan ki saka matsakaicin a mataki na biyu. Tallafi kuma ki cire masa matsakaicin jama'ar duka. Daga nan fassara ta yi sauƙi. A misali, in lambar damuwa -0.40 ce, ta cuɗanya 0.10, to mai matsakaicin tallafi gangarensa -0.40, wanda ya ɗara shi da maki ɗaya -0.30. Ki zana layukan, ko ki yi amfani da hanyar ƙididdiga ta Johnson-Neyman ki ga a wane yawan tallafi ne tasirin damuwa ya daina fitowa. Kuma ki ce "yana tafiya tare da", ba "ya jawo" ba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. To barcin jiya fa, in saka shi cikin tsarin?

Amsa ta uku: Ki saka, ranaku ba sa rabuwa da juna. Sai dai ki kula: in kika cire matsakaicin mutum daga barcin jiya, ƙiyasin tasirinsa a kan barcin yau zai karkata ƙasa, abin da masanin tattalin arziki Nickell ya bayyana a 1981. Da kwana 21, in ainihin lambar 0.3 ce, za ta ragu da kusan 0.065. Tsarin DSEM, na nazarin bayanan da ake maimaita aunawa kullum, da ya zo a manhajar Mplus 8 a 2017 yana magance wannan. In babu shi, umarnin corAR1 a nlme, wani kunshin R, zai kula da dangantakar ranaku. Ranar da mutum ya tsallake kuma, ki bar gurbinta a fili, kada shekaranjiya ta zama jiya.