'Yar kyanwata ta mai da bayan buhun masara shadda, ku ba ni shawara

Amarya, Yelwa a Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar tawa kamar wasa, amma ta kusa haɗa ni da maigida. Ɓeraye ne suka addabe mu a ɗakin ajiya, maƙwabciyata ta ba ni 'yar kyanwa mai wata 2, yau makonta 3 a hannuna. Ɓera ko ɗaya ba ta kama ba, sai kashi kullum a bayan buhun masara, jiya kuma ta tsula fitsari a sallayar maigida. Na doke ta, na goga mata hanci a wurin, na wanke da javel (ruwan bilic), gari na wayewa ta koma nan ɗin dai. Gidan haya ne, tsakar gida duk siminti. Shi ya rantse in ta ƙara zai sa ta a buhu ya kai ta ƙetaren gada. Ga ni da ciki wata 4, zarnin nan tayar min da zuciya yake yi. Na ga wata kyanwar Turawa a waya tana hawa masai na zama kamar mutum. Tamu za ta iya koyon haka? Shaddarmu ta tsuguno ce.

Ɗan Kusiri:
Amarya, in ta koya, ki ajiye mata buta ma.

Hajiya Babba, Marwa:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki bar zancen shadda, 'yar aba kamar wannan ramin za ta faɗa, ku kwana kuna jin kukanta ba mai iya ciro ta. Kyanwa ba a koya mata tsabta, da ita aka haife ta. Tun tana 'yar mako 4 take neman ƙasa mai laushi ta tona, ta yi abinta ta binne. Ke kin ajiye ta a gidan da ko tafin hannu na ƙasa babu, ina kike so ta nufa? Bayan buhu akwai duhu, akwai ƙura da dusa, shi ne ya fi mata kama da ƙasa.

Ki samo tsohon baho mai faɗi wanda bakinsa bai yi tsawo ba, yadda za ta shiga ba sai ta yi tsalle ba. Ki zuba yashi mai laushi, kaurin yatsu uku. Mu nan daga kogin Mayo Kaliyo yara ke ɗebo mana in ruwa ya janye, ku kuma ga Binuwai a bakinku, ko ki roƙi bokiti ɗaya a inda ake gini. Ki tankaɗe shi, ki shanya a rana ya bushe sosai. Bahon kuma kada ki kai shi inda ya yi miki, ki kai shi inda ya yi mata: ki janye buhun, ki ajiye shi daidai wurin da ta saba. Ki ɗauki ɗan kashinta ki tura cikin yashin don ta ji warin. Duk sanda ta gama cin abinci ko ta tashi daga barci, ki ɗauke ta a hankali ki ɗora a ciki, ki ja baya ki ba ta wuri. In ta saba, sai ki riƙa matsar da bahon kaɗan-kaɗan kullum har ya isa lungun da kike so. Kwanon abincinta da na ruwa su yi nisa da shi, ba ta ci a inda take kashi.

Dukan nan kuma ki daina don Allah. Ba ta san laifin da ake dukanta a kai ba, tsoronki kawai za ta koya, ta koma yi a ƙarƙashin gado inda hannunki ba ya kaiwa.

Maman 'yan biyu, Ngaundare:
Ni garin katako nake karɓowa wajen kafinta, ya fi yashi shan fitsari kuma ba nauyi. Da damina yashi ba ya bushewa a nan.

Hajiya Babba, Marwa:
Garinku mai sanyi ke nan. A Garwa rana ɗaya ta isa. Kuma wata kyanwar ba ta yarda da garin katako, ta fara da yashi tukuna.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Garwa:
Hajiya ta gama magana, ƙari kawai zan yi. Javel ɗin da kike wankewa da shi yana cikin abin da ke mayar da ita wurin, kyanwoyi da yawa ƙamshinsa na jan su. Kuma idan ya haɗu da fitsari yana tayar da iska mai shaƙe mutum, balle mai ciki a ɗaki rufe. Ki wanke da omo da ruwa, ki bi da ruwan khal, ki bar wurin ya bushe. Dettol ma ki nisanta shi da ita, guba ne ga kyanwa idan ta taka ta lashe ƙafa. Paracetamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, kada wani ya ce ki ba ta.

Masai na zama da kika gani gaskiya ne, akwai faranti da ake ɗorawa a kai ana faɗaɗa raminsa a hankali. Amma likitocin dabbobi da yawa ba sa son abin: yana hana ta tono da binnewa, kuma mai ita ba zai ga gudawa ko jini a fitsari ba sai ciwo ya yi nisa. In ta cika wata 3 ki kawo ta allurar ciwon haukan kare, a ba ta maganin tsutsar ciki. Zancen ɓera kuma ki ƙara haƙuri, yarinya ce.

Ungozoma, Njamena:
Ƙanwata, kowa na ta yashi, ni cikin nan na gani. Kashin kyanwa na iya ɗaukar ƙwayar cutar toksoplasma, wadda kan taɓa ɗan da ke ciki idan uwa ta kamu a karon farko tana da juna biyu. Ba cewa na yi ki yar da ita ba. Ƙwayar ba ta zama mai kama mutum sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a cikin kashin, don haka a kwashe kullum, kuma ba ke za ki kwashe ba. In ba kowa, ki sa leda a hannu, ki wanke da sabulu bayan nan. Kada ki ba ta ɗanyen nama, ke ma naman da bai dahu sosai ba da latas da ba a wanke ba ki bar su. Ki faɗa musu a wajen awo cewa kina da kyanwa.

Malam, Marwa:
A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kyanwa da yawunta masu tsarki ne, hadisi ya kira ta cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Fitsarinta da kashinta ne najasa. A wanke sallayar da ruwa har wari da launi su gushe, shi ke nan, a riƙa naɗe ta ana ratayewa. Ki gaya wa maigida cikin ladabi, jefar da ƙaramar dabba inda ba ci ba sha abin tsoro ne, ya tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwa.

Amarya, Yelwa a Garwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau kwana 5. Ranar farko kwanciya ta yi a bahon ta yi barcinta, na ce shi ke nan. Washegari bayan ta ci tuwo da kifi na ɗora ta, sai ga ta tana tono. Tun daga nan sau ɗaya ta yi kuskure, ranar da ƙanen maigida ya manta bai kwashe ba. Shi aka ɗora wa aikin, yana ta ƙunƙuni. Maigida bai ce komai ba, amma shi ya kawo yashin na biyu a bayan babur. Saura abu ɗaya Hajiya: in tana binnewa watsa yashin take yi har bakin ƙofa, ina shara sau uku a rana. In canza baho mai zurfi ne, ko ta yi ƙanƙanta?

Hajiya Babba, Marwa:
Ta yi ƙanƙanta. Ki sa bahon cikin kwali, ki yanke gefe ɗaya ya zama ƙofa, ki shimfiɗa tsohon buhu a gaba.