Dan Allah a ba ni shawara, zaman gidan gandu ya fara fin ƙarfina

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, a ɓoye sunana. A Gwammaja nake aure, gidan gado ne, tun rasuwar Baba ba a raba ba. Akwai Inna kakar maigida wadda sai an kama ta zuwa bayi, ga Hajiya surukata mai ciwon suga, ga yayansa da matarsa da yara shida, ga mu da namu uku, ga ƙaninsa saurayi a ɗakin soro. Tukunya ɗaya ce, kwana bibbiyu muke girki ni da faccalata. Da kowa na kawo nasa buhun, amma tun 2023 da aka cire tallafin mai yayan ya ja baya, cefane ya koma kan maigida, kuma ranar girkina sai na ɗora tukunya biyu saboda Hajiya, tuwon alkama ko faten acca, ita kuwa faccalar taliya take zuba mata haka nan, sugan ya hau a ce mu duka ba ma kula. So nake a raba tukunya amma ina tsoron a ce ni na raba zumunci.

Anti Babba: Ƙanwata raba tukunya ba zai miki maganin komai ba, ku tashi kawai. Ko ɗaki ciki da falo ne a Dorayi ko Rijiyar Zaki ku kama. Muhalli haƙƙinki ne a shari'a, ba alfarma ba.

Maman Biyu: Hmm ke kin ma samu mai karɓar girki. Ni ƙannen mijina mata uku suna kwance suna danna waya, ko tsintsiya ba sa ɗagawa, omo ma sai na ɓoye a ƙarƙashin gado.

Wani ɗan uwa: Baiwar Allah ki yi haƙuri. A Suratul Isra'i an hana a ce wa iyaye ko "tir", in kin ja shi kun fita wa zai riƙe tsofaffin nan? Abin da ya fi damuna saurayin soron, hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani kan shigar ɗan uwan miji wajen mace. A ja katanga, kowa da sashensa da bayinsa.

Anti Babba: Malam wace katanga a gidan da ba a raba ba? Gobe magada su taso kuɗin bulo ya bi ruwa. A fara raba gado, Hajiya ta karɓi tumuninta, kowa ya san nasa. Kuma hidimar uwa a kan ɗanta take, ba kan matarsa ba. Wai shi maigidan me ya ce?

Mai tambaya: Anti ban faɗa masa ba tukuna, yana da hawan jini. Kuma ni ban ce zan tashi ba, Hajiya ba ta taɓa min ko kallon banza ba, ita ke riƙe min yara in na tafi makarantar da nake koyarwa. Yaron soron ma ni na goya shi kusan.

'Yar Zariya: To ku yi asusun cefane, kowane magidanci ya zuba nasa farkon wata a hannun Hajiya, abincinta kuma ki ɗauka ke kaɗai don Allah.

Mai tambaya: In kuɗi ya shiga hannun Hajiya ai jikoki za ta rabar wa, an taɓa gwadawa.

Anti Babba: To ke me kike so mu ce miki?

Maman Biyu: Wai nawa ake ba da ciki da falo a Dorayin yanzu?