Yatsun ɗana sun kumbura bayan ɗori: mu jira ko mu tafi asibiti?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro shekaranjiya, ya dafa ƙasa da tafin hannu, gwiwar hannun kuma ta kumbura nan take. Kakarsa ta sa aka kai shi wurin mai ɗori, aka ja hannun, aka jera kara aka ɗaure tamau da tsumma, aka ce kada a kwance sai bayan mako guda. Tun daren jiya yatsunsa suka kumbura suka yi sanyi, kuma da zarar na ɗan miƙar da su sai ya ƙwalla ƙara. Shin wannan alamar ƙashi na kamawa ce, kamar yadda ake faɗa mini?

Abu Hanifa:
Wa alaikumus salam. Maman Sadiq, kada ki jira safiya. Idan ɗauri ya matse wurin da ke kumbura, jini ba ya isa ga naman hannu, kuma naman da ya rasa jini na kimanin awa 6 yakan fara mutuwa, daga nan ko dai yatsun su ƙanƙance su lanƙwashe har abada, ko hannun ya ruɓe a kai ga yankewa. Ihun da yake yi idan kin miƙar da yatsun shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Ga shi kuma karayar da ke saman gwiwar hannu, wadda ta fi yawa a yara masu irin shekarunsa, tana maƙwabtaka da babbar jijiyar jini da jijiyoyin da ke motsa yatsu, mai ɗori kuwa ba ya ganin abin da ke ciki. Ki sassauta ɗaurin yanzu, ki tallafe hannun daidai ƙirjinsa.

Baba Mai Goro:
'Yata, ni ba na raina masu ɗori, domin sana'a ce ta gado, kuma sun taimaki mutane da dama a inda babu likita. Amma hannun da ya yi sanyi ya wuce hurumin kara da tsumma. Ki lallashi kakar tasa da girmamawa, ko ki sa mahaifinsa ya yi mata bayani.

Anti Nas:
Idan kuna kusa da Kano, Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, yana karɓar irin wannan a sashen gaggawa. Idan kuna nesa, ku fara zuwa babban asibiti mafi kusa. Za a ɗauki hoton ƙashin, in bai goce ba filasta ta wadatar, in kuwa ya goce akan daidaita shi a ɗakin tiyata a riƙe shi da siraran ƙarafa, a zare su bayan mako 3 ko 4. Kada ki ba shi abinci ko ruwa a hanya, saboda mai yiwuwa a yi masa allurar barci da isarku.