Muhawara: a ƙara wa 'yan siyasa albashi ko a bar su haka?

Tsohon Akawu: Bari in faɗi abin da ba a son ji. Shugaban hukumar raba arzikin ƙasa, Mohammed Shehu, ya ce a 2025 albashin shugaban ƙasa naira miliyan ɗaya da rabi ne a wata, na minista bai kai miliyan ɗaya ba, kuma tun 2008 ba a taɓa shi ba. Mutumin da ke sa hannu a kwangilar biliyoyi, ka ba shi wannan, sannan ka ce ya kame? A ƙara musu, sai mu samu bakin tuhumarsu.

Malamar Firamare: Baba, Allah ya ƙara girma, amma wa ya ce da albashi suke rayuwa? A 2018 Sanata Shehu Sani ya fasa ƙwai, ya ce kowane sanata na karɓar miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis, ban da albashi. A 2024 Sanata Kawu Sumaila ya gaya wa BBC Hausa nasa ya kai miliyan 21. Mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne. Ku raba ku gani: kuɗin ma'aikata 300 ke nan, duk wata, a hannun mutum ɗaya.

Ɗan Kwari: Malama, kin taɓa zuwa ƙofar gidan ɗan majalisa da sassafe? Mai takardar asibiti, mai suna, mai aurar da 'ya, mai kuɗin makaranta, kowa na jiran Onarabul ya fito. In bai bayar ba mu ce marowaci ne, mu kayar da shi. Fom ɗin takarar sanata kaɗai a APC miliyan 20 ne a 2022, ba a zo kan daliget ba tukuna. Mu ma da hannunmu a ciki.

Malamar Firamare: Alhaji, na yarda muna roƙo. Amma da asibitin na da magani, wa zai je ya tsuguna a ƙofar wani? Su ne ke yin kasafin.

Tsohon Akawu: Ku dubi Singafo. Tun 1994 suka riƙa auna albashin ministoci da abin da manyan ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu ke samu, firaministansu na karɓar dalar Singafo miliyan 2.2 a shekara, kuma ƙasar na cikin mafi ƙarancin cin hanci a duniya.

Ɗalibin Lauya: Baba, rabin labarin ka kawo. A Singafon nan, tsohon ministan sufuri Iswaran an yanke masa ɗaurin wata 12 a 2024 kan karɓar kyaututtuka. Kyaututtuka fa! Kuma da jama'a suka nuna fushi a zaɓen 2011, sai da aka zabtare kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin ministocin a 2012. Mu a nan kotu ta ɗaure tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame a 2018 kan kuɗin jama'a, 2022 aka yi musu afuwa suka koma gida. In za mu ɗauko albashin Singafo, mu haɗa da gidan yarinta.

Ɗan Kwari: Wannan yaron bakinka da kaifi.

Ɗalibin Lauya: Kawu, ai ba a nan ta tsaya ba. Ana cewa mu yarda da amanarsu. Tsarin mulki ya tilasta musu bayyana kadarori ga hukumar ɗa'ar ma'aikata, amma takardun na kulle, talaka ba ya gani. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya fito da tasa fili a 2007, shi ya sa har yau ake ambatonsa. Nawa ne suka bi sahunsa?

Tsohon Akawu: To mu yi ciniki. A ninka albashin, a soke kuɗin gudanarwar da ake zuba wa mutum kai tsaye, ofis ya riƙa kawo rasit ana bincika, a buga komai kowa ya karanta.

Malamar Firamare: Na amince, Baba. Sai dai wa zai kaɗa ƙuri'ar soke miliyan 21 ɗin? Su ne dai masu karɓa.

Ɗan Kwari: Ku fara tambayar naku ɗan majalisar nawa yake karɓa. Ni nawa tun da aka rantsar da shi ya canza lamba.