Zango da motar RV a bakin rafi a Smoky Mountains, wa ya taɓa yi?

Dan_Gwammaja_ATL:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Hutun yara ya kusa kuma uwargida ta matsa sai mun ɗan fita daga Atlanta ko na kwana uku ne, shi ne na ce bari mu yi hayar motar nan RV mai gado da kicin da banɗaki a ciki mu tafi gandun dajin Great Smoky Mountains tunda ba nisa. So nake in faka a bakin ruwa yara su yi wasa. Yara huɗu ne, ga kuma Hajiya mahaifiyata da ta zo mana daga Kano. Cikin gandun ya fi ko waje? Sannan maganar da ake yi cewa akwai beyar (naman dajin nan da Turawa ke kira bear) a wurin gaskiya ce ko tsoratarwa kawai?

Bazazzagi_Knoxville:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In bakin ruwa kake so a ciki to wurin zango na Elkmont ne ko na Smokemont. Elkmont yana ɓangaren Tennessee, kogin Little River ne ya ratsa ta wurin, Smokemont kuma ɓangaren North Carolina kusa da garin Cherokee, shi ya fi maka kusa tunda daga kudu za ka taso ba sai ka haura Newfound Gap da katuwar mota ba, hanyar nan hawa ce da kwana-kwana har sama da ƙafa 5,000, wanda bai saba jan RV ba zai ji a jikinsa.

Amma ka sani fa, duka biyun ba inda za ka jona wuta ko ruwa a motarka, ba wurin wanka, banɗaki ne kawai da famfon ruwan sanyi. Janareto kuma daga 8 na safe zuwa 8 na dare, bayan nan dole a kashe. A Recreation.gov ake kama wuri, wata 6 kafin ranar suke buɗewa, na bakin ruwan nan da nan ake wawashe su. Ka tambayi tsawon motar kafin ka biya kuɗin haya, Elkmont ƙafa 35 ce iyaka, Smokemont 40.

Maman_Walid:
Yaya ni dai tunda ka ce da Hajiya wlh waje zan ce maka. Garin Townsend da ke bakin gandun ta ɓangaren Tennessee ka nufa, akwai wuraren zango na 'yan kasuwa jere a bakin wannan Little River ɗin dai, da wuta da ruwan zafi da wurin wanki, ga sabis na waya. A Elkmont sabis babu, tsohuwa in ta kwana biyu ba ta ji muryar 'yan gida a WhatsApp ba kai za ka sha mita. Ga alwalar asuba, ruwan dutse ko a watan Yuli sanyinsa ratsa ƙashi yake, bai kamata a bar dattijuwa da shi ba.

Kuma don Allah a sa ido kan yara. Rafin za ka gan shi iya gwiwa garau kamar ba komai, amma sai a yi ruwa can saman dutse ku a ƙasa ko yayyafi ba ku gani ba, kafin ka ankara ya ciko ya yi ja yana tafe da itace. Duwatsun ciki santsi gare su sosai. Hukumar gandun da kanta tana cewa nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a wurin. Kar kuma su sha ba a tafasa ba.

Bazazzagi_Knoxville:
Maman Walid ta yi gaskiya, ban lura da zancen Hajiya ba. Beyar kuma ba tatsuniya ba ce malam, an ƙiyasta kusan 1,900 ne a gandun, baƙaƙe. Doka ce kar ka matsa kusa da su ƙasa da yadi 50. Mu da ba ma tafiya sai da kilishi da dambun nama da manja, ai mu ne abin nemansu 😂 Komai mai ƙamshi a kulle cikin mota, har tukunyar da aka ci abinci da kular, shara kuma a kwandon ƙarfen da suka tanada. In ka gasa tsire ka wanke wayar gashin a daren, kar ka ce sai da safe.

Itacen hura wuta ma kar ka ɗauko daga gida, wanda aka gasa mai hatimi kaɗai suke yarda a shigo da shi saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi. Shiga kyauta ne, amma tun 2023 in za ka faka fiye da minti 15 sai da takardar fakin, dala 5 a rana, 15 a sati.

Dan_Gwammaja_ATL:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya, tana jin beyar ta ce ita a bar ta a gida, da ƙyar muka lallaɓa ta da zancen ruwan zafi. Townsend ɗin za mu duba. Maman Walid in kin tuna sunan wurin da kuka sauka ki turo min ta inbos.