Ƙidayar ƙwarin saman bishiyar oak: wace hanya ta yi muku aiki?

Ɗalibar nazarin ƙwari: Assalamu alaikum. Ina shirin ƙidayar ƙwarin da ke saman bishiyoyin oak a wani daji na kudancin Ingila. Binciken da aka wallafa a 2019 ya lissafa nau'o'in halittu kusan 2,300 da ke amfana da oak a Birtaniya, amma damuwata ita ce yadda ake kai wa ga waɗanda ke can ƙololuwa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba ni haske.

Mai binciken ƙwaro: Wa alaikumus salam, Malama. Mu feshin hazo muka yi, hanyar da masanin ƙwari Terry Erwin ya yi amfani da ita a dazukan Panama. Tun da asuba, kafin iska ta motsa, muke jera manyan mazurarai masu kwalabe a ƙarƙashin bishiya, sannan inji ya tura hayaƙin maganin ƙwari na piretirum sama. Kafin hantsi kwalabe sun cika da ƙwaro, gizo-gizo da ƙudaje. Sai dai kada yawan ya ruɗe ki, domin tsutsar da ta naɗe kanta cikin ganye, da wadda ke cikin ƙullutun da ƙananan zanzaro ke haddasawa, ba sa faɗowa. Su sai an yanko reshe an duba da hannu.

Mai aikin daji: Ni tarkon rataye na fi amincewa da shi: gilasan roba biyu a gicciye, mazurari a ƙasa, da kwalbar barasa. Da shi na samu ƙwaron matattun rassa waɗanda feshi bai taɓa kawo mana ba. Ruwan sama yana tsinka barasar, kuma idan za ki yi gwajin ƙwayar halitta wannan asara ce.

Malamar jami'a: Ku duka kun bar maganar lokaci. Tsutsotsin malam-buɗe-littafin dare suna cika bishiya ne a watan Mayu, sa'ad da ganye ke ɗanye, kuma cikin makonni kaɗan su ɓace. Mukan ajiye faranti mu auna kashinsu, wanda ake jin zubarsa kamar yayyafi. A kewayen Landan kuma ki kula da tsutsotsin da ke tafiya a jere, gashinsu yana sa ƙuraje da ƙaiƙayi.

Ɗalibar nazarin ƙwari: Na gode ƙwarai. Malam mai aikin daji, yaya kuke haura igiyar tarkon ba tare da hawa bishiyar ba?